Falonmu na Gyallesu: neman launin da zai zauna da ruwan madara

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Mai fenti ya gama hannu na biyu jiya da la'asar, yau bango ya bushe. Launin ruwan madara ne mai ɗan ƙasa-ƙasa, irin wanda yanzu kusan duk sabon gida a Gyallesu da Tudun Wada, a nan Zariya, shi ake shafawa. Tayil ɗin ƙasa danginsa ne, kujerun da muka taho da su daga tsohon gida ma haka, sai dai sun ɗan fi bangon duhu. Silin fari ne tas. Falo ya yi tsaf, amma in ka tsaya a bakin ƙofa ido ba ya samun inda zai sauka, komai ya saje da ɗan'uwansa.

Aikin da ke gabana shi ne samo launi biyu, in ya yi yawa uku, da za su tayar da ɗakin: na labule, na dardumar tsakiya, na matasan kujera, da na abin da za a rataya a bango. Ina so a kammala kafin azumi, don a nan baƙi ke buɗa-baki.

Falon mita biyar ne a tsaye, huɗu a kwance. Babbar taga tana duban gabas, ƙaramar tana duban kudu, sannan akwai baka da ke raba falon da wurin cin abinci. Masu adon ɗaki suna da wani ma'auni da suke yawan faɗa: kashi 60 cikin ɗari na ɗaki ya zama babban launi, kashi 30 launi na biyu, kashi 10 kuma launin da ke fizgar ido. Kashi sittin ɗina ya riga ya samu, har ma ya zarce. Sauran arba'in ɗin nake nema.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ruwan madara ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke karkata zuwa rawaya, akwai mai karkata zuwa ruwan hoda, akwai kuma mai ɗan kore-kore da toka a ƙarƙashinsa. Ba a gane wannan sai an kanga farar takarda a jikin bangon da rana. Na yi haka da safe, namu ya fito a fili: rawaya ce a ƙarƙashinsa, da ɗan ruwan goro kaɗan. Wannan kaɗai ya rage mini rabin wahala, domin launin da ke fuskantar ruwan goro a da'irar launuka shi ne shuɗi, kuma launuka biyu masu fuskantar juna kowanne yana fito da ɗan'uwansa.

Amma gani ya kori ji. Na je wajen telana a Tudun Wada na roƙi ƙyallayen da yake zubarwa, ya cika mini leda. Na zaɓi manya-manya na manna su a bango da salatif, wasu kusa da taga, wasu a kusurwar da haske ba ya kaiwa, wasu kuma na ɗora a hannun kujera. Na bar su kwana da yini ina leƙawa.

Ruwan toka ne ya fara faɗuwa, duk da shi ake yayi. Kusa da bangonmu sai ya yi kamar ya yi dauɗa, shi kuma bangon ya ƙara rawaya. Ruwan hoda ya sa bangon ya yi kama da wanda ya tsufa. Ja wur da shuɗi mai walƙiya irin na shadda sun yi ƙara da yawa, su kaɗai ake gani. Waɗanda suka zauna lafiya su ne launuka masu cizawa: shuɗi mai duhu irin na shuni, ja mai ƙasa-ƙasa, kore irin na busasshen ganyen kuka, da ruwan zuma. Da hantsi, lokacin da rana ke shigowa ta tagar gabas, ƙyallen shunin nan ya sa bangon ya yi haske kamar an sake masa fenti. Na cire sauran na bar waɗannan huɗun.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Da dare ƙyallayen sun sauya. Ƙwayayen fitilar da mai wuta ya saka masu farin haske ne, a jikin kwalinsu an rubuta 6500K, wato ma'aunin launin hasken: in lambar ta yi sama hasken fari ne, in ta yi ƙasa yana jan rawaya. A ƙarƙashinsu bangon ya koma fari-fari mai sanyi, jan kuma ya yi baƙi-baƙi. Na sayo ƙwai ɗaya mai 3000K na gwada a gefe guda, nan take ruwan madarar ya dawo da ɗuminsa. Mai 2700K ya fi shi rawaya, kuma a bangon da dama rawaya ce a ƙarƙashinsa zai yi yawa, shunin ma zai koma kamar baƙi. Na tsaya a 3000K. Fitilar sola da muke kunnawa in an ɗauke wuta ita ma fara ce sol, za a nema mata ƙwai irin wannan, tunda dare da yawa da ita muke hira.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yau na shiga cikin gari gaishe da Inna, na biyo ta Ƙofar Doka a hankali ina kallon bangwaye. Tunda na fara wannan aikin idona ya buɗe ga abin da nake wucewa tun ina yarinya.

Ƙofar Fadar Zazzau kowa ya san ta da zane mai launi kala-kala, ja da rawaya da kore da shuɗi, kowanne a cikin gidansa na zanen. A can ya yi kyau ƙwarai, don ƙofar sarki ce, a fili take, ranar Zariya na dukanta, kuma daga nesa ake so a hango ta. Da za a kwaso waɗannan launukan a zuba a falo mai mita biyar, da ba mai iya zama a ciki. Abin da na ɗauko daga wurin shi ne yadda kowane launi yake da iyaka: akwai layin da ke tsare shi, ba ya malala cikin na kusa da shi.

Tsohon Masallacin Juma'a kuwa, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu da ya hau gadon sarauta a 1834, darasinsa daban ne. Adonsa a jikin ƙasar ginin yake: bakan gizo, ginshiƙai, da zanen da aka tayar a jikinsu. Haske da inuwa ne ke yin aikin da fenti ke yi a wani wurin. Wato ɗaki mai launi ɗaya ba lallai ne ya mutu ba in abubuwan cikinsa sun bambanta a taɓawa: wani mai kaushi, wani mai santsi, wani saƙaƙƙe, wani mai ƙyalli. Wannan ya sa na fara tunanin fata, saƙi, kaba da tagulla, ba yadi kaɗai ba.

Na nuna wa Inna ƙyallayen. Ta ɗauki jan nan mai ƙasa-ƙasa ta juya shi, ta ce, "Ai wannan makuba ce." Ta ba ni labarin yadda suke yi a da: a tara ɓawon ɗorawa bayan an cire garin da kalwa, a jiƙa shi, ruwan ya yi ja mai duhu, a yayyafa a daɓen ɗaki ana bugawa da madaɓi har ya yi santsi yana sheƙi, a kuma shafe bango da shi don kada ruwan sama ya ci. Ta ce ɗakin amarya a lokacinsu ƙasa ja ce, bango farar ƙasa, sai jeren tasoshi da faya-fayi masu launi, ga zanen saƙi baƙi a kan gado.

Na ce, "Inna, ashe abin da nake ta nema kun riga kun yi shi."

Ta ce, "Ke dai kada ki cika. Ɗaki in ya cika kaya ba ya shaƙar iska."

Na dawo da shawara a hannu. Shuni ne launi na biyu, makuba ce ta uku, tagulla kuma ɗan taɓi nan da can. Dalilina ba son tsohon abu ba ne kawai. Ruwan madarar bangonmu launin ƙasa ne da aka tsarma da fari, makuba kuma launin ƙasa ne da ya nuna, don haka dangi ne, ba za su yi faɗa ba. Shuni shi ne baƙon da zai sanyaya su duka biyun.

Lahadi, 8 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai, da safe ko Dutsen Kufena ba a hangowa saboda hazo. Ƙura ta shigo cikin lissafi, kuma ita ce ta fi kowa iko a gidan Zariya daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Ƙyallayen da na bari a hannun kujera na duba. Na shunin ya yi furu-furu, ana iya rubutu da yatsa a kansa. Na makuba da ƙyar ake ganin ƙurar, bangon da kujerun kuwa ko alama, don launinsu ɗaya da ita. Hotunan falo da ake turowa a waya, masu shimfiɗeɗen kafet shuɗi mai duhu ko kujerun karan-miski baƙaƙe, an ɗauke su ne a garuruwan da ba su san wannan iskar ba. A nan duk abu mai duhu da ke kwance, ƙura za ta hau shi kafin azahar.

Saboda haka na raba launukan bisa inda za su zauna. Shuni zai tafi kan abin da ke tsaye ko wanda ake iya cirewa a wanke: labule, rigunan matasai, abin bango. Abin da ke kwance a ƙasa, darduma da tumtum, zai zama makuba, kuma dardumar ta kasance mai zane, don zane yana ɓoye ƙura da sawun yara fiye da launi bai ɗaya.

Maigida ya shigo ya same ni ina wannan lissafin. Shi tun farko kore yake so.

Ya ce, "Maman yara, ni fa kore ya fi kwanta mini. Ido yana hutawa a kansa."

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji, kuma ya zauna da bangon. Amma in aka haɗa kore da shuɗi da ja a yadi, sun zama uku masu ƙarfi ɗaya, ba wanda zai bar wa wani."

Muka daidaita a kan koren ya shigo da ransa, wato shuka. Moɗa na zaɓa, mai dogayen ganye a tsaye, don tana jure ƙarancin ruwa da inuwar ɗaki, ganyenta kuma tsumma mai laima kawai yake so. Za ta zauna a tukunyar ƙasa, wadda ita ma launin makuba ce. Ya ce ya yarda, amma tukwane biyu yake so, ba ɗaya ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Mun je Kano da Yaya. Karofin Zariya yawancinsu sun daina aiki, don haka marinar Ƙofar Mata muka nufa, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Har yanzu da baba da toka ake haɗa ruwan, a tsoma yadi a ɗaga shi ya sha iska, a sake tsomawa. Yana fitowa kore-kore ne, iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idonka, kuma yawan tsomawa ne ke sa shi cizawa. Na zaɓi ɗaurin da ke da ƙananan farare a jiki, don farin zai yi magana da silin da bangon.

Rinin gargajiya yana zuba, kujeruna kuma masu haske ne. Marinin da kansa ya ce in wanke shi da ruwan sanyi shi kaɗai, in yi ta ɗauraya har ruwan ya fita fes, in shanya a inuwa, sannan in goga farin ƙyalle mai laima a kai kafin ya taɓa kujera. Don haka na sayi na rigunan matasai da na ratayawa a bango kawai. Na labule kuwa, wanda rana za ta riƙa duka kullum, sai muka wuce Kantin Kwari na ɗauki yadin kamfani mai kauri. Na tafi da ƙyallen rinin a hannu, na fito da bandir ɗin bakin rumfa na haɗa su a hasken rana, domin fitilar cikin shago tana ɓoye bambanci. Shuɗi mai duhu kala-kala ne, wani yana jan shunayya, wani yana jan kore. Na ɗauki wanda ya fi kusa da rinin.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Wanki ya yi, farin ƙyalle ya fito ba tabo. Na kai wa tela. Matasai shida: uku na rini, biyu makuba, ɗaya farin saƙi mai ratsin shuɗi. Duka da zif, don a riƙa cirewa.

Asabar, 18 ga Janairu

Tumtum biyu sun iso daga wajen baduku a cikin gari. Na daɗe a rumfarsa ranar da na ba da aikin, don ya fito mini da fatu iri-iri. Akwai jar fatar da aka yi wa fentin zamani, tana ƙyalli kamar roba, akwai kuma wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi. Ta biyun janta ba ya ihu, yana da zurfi, kuma ya ce tana ƙara duhu da kyau in tana shan hannu. Ita na zaɓa. Na roƙe shi ya rage ado: ban da kore da rawaya da aka saba sakawa a tsakiya, a bar baƙin zare kawai da dagi ɗaya. Ya ɗan yi jim, ya ce, "Hajiya, ba zai yi fayau ba?" Na ce ɗakin ne zai cika masa sauran. Yau da na ajiye su gaban doguwar kujera na ga amfanin ragewar, don zanen rinin da ke kan matasai ya samu sarari.

Akwai warin sabuwar fata, na fitar da su baranda su sha iska. Cikin ɗaya tsofaffin tufafi na cusa, ya fi soso nauyi, yara ba sa iya wurgi da shi.

Tiren tagulla na Bida da Inna ta ba ni tun aurena na ciro daga kabad. Na goge shi da lemun tsami da toka, ya dawo yana ɗaukar ido. Shi zai zauna a teburin tsakiya. Ƙarfen labule ma na ce a kawo mai ruwan tagulla, ba mai ruwan azurfa ba, don farin ƙarfe yana yin sanyi kusa da bango mai rawaya a ƙarƙashi.

Lahadi, 26 ga Janairu

Yaya ta kawo shawarar a shafe bango ɗaya gaba ɗaya da shuɗi, wanda talabijin ke jikinsa, kamar yadda ake yi yanzu. Na yi ta juya maganar. Bangon nan shi ke fuskantar tagar gabas, shi ke karɓar hasken safe ya watsa wa ɗakin. Launi mai duhu yana shanye haske, in aka rufe shi falon zai dushe, ga labule mai duhu kuma a ɗaya gefen. Sannan duk ranar da aka gaji da shi, sai an yi hannu da yawa kafin ruwan madara ya rufe shuɗi. Launin fizgar ido kamar yaji yake a miya, kaɗan ne ke sa a ƙara loma.

Abin da na yarda da shi ƙarami ne: cikin bakan da ke raba falo da wurin cin abinci, wato kaurin bangon kawai, a shafa masa makuba. Mai fenti ya haɗa kala uku a gabana, yana ɗiga ja da baƙi da rawaya a cikin fari. Ban bari ya taɓa bango ba, a kwali ya shafa kowanne hannu biyu, muka jira suka bushe, domin fentin ruwa yana sauya launi in ya bushe. Na jingina kwalayen a bakan na duba su da rana da dare. Na tsakiya ne ya yi daidai da fatar tumtum. Na ce ya haɗa abin da zai isa gaba ɗaya a bokiti guda, ya rage mini a gwangwani, don haɗin hannu ba ya maimaituwa daidai. Mai ɗan santsi muka sa, wanda ake gogewa, saboda nan ne yara ke dafawa in za su wuce.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An rataya labule. Faɗin yadin ninki biyu ne na faɗin taga don ya yi tattara, an kafa ƙarfen sama kusa da silin, labulen ya sauko har ya kusa taɓa tayil amma bai share ƙasa ba, kada ya kwashi ƙura. An yi masa shafi fari ta baya. Shafin zai tare rana kada shuɗin ya koɗe, musamman a tagar kudu, wadda a wannan lokacin na shekara rana ke duka kusan yini guda. A tsakiya akwai shara-shara mai ruwan madara, da rana shi kaɗai ake saki, a ɗaure masu kaurin a gefe.

Da aka saki duka labulen da dare, shuɗin ya so ya yi yawa a gefen gabas, ɗaya gefen kuma ya zama fayau. Na ɗauke rinin da na yi niyyar ratayawa kusa da taga na mayar da shi bangon da ke fuskantarta, kafinta ya ɗaure shi a firam na katako mai duhu. Yanzu shuɗin yana wuri uku: taga, kujera, bango. Makuba ma uku: baka, tumtum, tukwanen moɗa. Ido yana zagaya ɗakin, ba ya maƙalewa a gefe ɗaya.

Faya-fayi uku da na saya a kasuwar Sabon Gari, masu launin kaba da ratsin baƙi da ja, na jera su a saman bakan. Na gwada biyar, sun yi yawa, biyun sun koma kicin.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Saura darduma. Na zagaya shagunan Sabon Gari da ƙyallen makuba da na shuni a jaka. Yawancin abin da ke kasuwa ruwan toka ne da fari, ko ja wur mai ruwan gwal. Na ga ɗaya mai jan ƙasa da zanen shuɗi mai duhu a baki, launin ya yi, amma ƙarama ce, za ta tsaya a tsakiya ita kaɗai ba ta kai ƙafafun kujeru ba. Ina son wadda ƙafafun gaba na kujeru za su hau kanta, kusan mita biyu da rabi a tsaye, don ita ce za ta haɗa wurin zaman ya zama guda, kuma a kanta za a shimfiɗa ledar buɗa-baki. Mai shagon ya ce babbar tana cikin kayan da yake jira, na bar masa ƙyallen ya gwada in sun iso.

Azumi ya rage 'yan kwanaki. In ba ta iso ba, babbar tabarmar kaba da ke ɗakin baƙi za ta riƙe wurin, launinta ya zauna da tumtum ɗin. Ƙwan fitilar sola ya samu, an saka jiya. Wurin cin abinci ban taɓa shi ba tukuna, sai bayan Sallah in Allah ya kai mu.